Yamaha RZV500R

Yamaha RZV500R babur ne mai inji mai bugu biyu da silinda huɗu, wanda kamfanin Yamaha da ke Iwata ya fitar a 1984 domin kasuwar Japan kaɗai. Yana cikin jerin baburan titi da aka ƙera da kamannin na tsere, kuma tushensa shi ne YZR500, babur ɗin da Kenny Roberts na Amurka ya lashe gasar duniya ta ajin cc 500 da shi a 1978, 1979 da 1980. Yana da ɗan'uwa da aka sayar a ƙetare, RD500LC a Turai, RZ500 a Kanada da Ostareliya. Ba a sayar da ko ɗaya daga cikinsu a Amurka ba saboda dokar hayaƙi ta ƙasar. Duk zuriyar ba ta wuce 1986 ana ƙera ta ba, kuma RZV500R shi ne mafi wuyar samu a cikinta.

Asali

A farkon shekarun 1980 inji mai bugu biyu ne ke mulkin babbar gasar babura, kamfanonin Japan kuma suka lura masu kallo suna son su hau abin da suke gani a filin tsere. Yamaha ce ta fara kawo mai silinda huɗu kasuwa. A shekarar da ya fito, Eddie Lawson ya ci gasar duniya a kan YZR500, RZ500 kuma ya lashe tseren sa'o'i shida na Castrol a Ostareliya. Sai dai sarautar ba ta daɗe ba. A 1985 Suzuki ta fito da RG500 Gamma, wanda ya fi shi ƙarfi ya kuma fi shi rashin nauyi, Honda ta kawo NS400R mai silinda uku. A gida Japan ma akwai wani cikas: samun lasisin tuƙa babur da ya haura cc 400 yana da wuya ƙwarai a lokacin, don haka masu saye ba su da yawa.

Inji da ƙira

Inji mai bugu biyu yana ba da wuta a kowane juyi na karanshaf, ba ya ajiye baƙin mai a ƙasan inji, sai dai man ya bi fetur ya ƙone tare da shi. Wanda ya taɓa haɗa mai da fetur a ƙaramin janareta ya san tsarin, da shuɗin hayaƙin da ke biyo baya. Na RZV500R yana da girman cc 499, ruwa ke sanyaya shi, silindojinsa huɗu suna zaune kamar harafin V a kusurwar digiri 50. Karanshaf biyu gare shi, kowane yana ɗauke da fistan biyu, kamar an haɗa injuna biyu na cc 250 a gida ɗaya. Kafireto huɗu ne na Mikuni, an maƙala su a gefe saboda ƙarancin wuri, giya kuma shida.

A bakin mafitar hayaƙi ta kowace silinda akwai bawul mai juyawa da Yamaha ta kira YPVS. Ƙaramin moto ne ke juya shi ta waya, yana rage tsayin mafitar idan inji na tafiya a hankali, ya buɗe ta idan gudun injin ya ƙaru. Wannan moton ne kuma ke sarrafa famfon mai, don kada man ya yanke idan mahayi ya saki totur alhali injin yana gudu sosai. Salansa huɗu ce, biyu a ƙasa, biyu sun bi ta ƙarƙashin kujera sun fito ta wutsiya. Da suka cinye wurin, sai aka kwantar da shokazoba ta baya a ƙarƙashin inji. Tayar gaba inci 16 ce, ta baya 18.

Babban abin da ya raba RZV500R da 'yan'uwansa na ƙetare shi ne firam, wato ƙashin jikin babur. Nasu na ƙarfe ne, nasa na alminiyam da aka yi wa walda da hannu, abin da ya rage masa nauyi. Amma an daƙile masa ƙarfi zuwa doki 64 bisa yarjejeniyar da kamfanonin Japan suka yi a tsakaninsu, alhali na ƙetare yana ba da 88. An yi hakan ne ta hanyar matse cikin salansa da sauya jet na kafireto, wato ƙananan ƙofofin da fetur ke bi. Wato wanda ya fi kyawun ƙashi shi ne ya fi rauni, kuma wannan ya sa masu shi da yawa suka cire masa takunkumin tun yana sabo.

Bincike kafin saye

Saboda darajar babur ɗin tana cikin kasancewarsa na asali, masu tara irinsa sukan fara da takarda kafin sifana. Lambar firam ta RZV500R tana farawa da 51X, ta RD500LC na farko kuwa da 47X. Ana gwada lambar da ke jikin firam da ta takardar fitar da babur daga Japan, a duba ko an goge wurin an sake bugawa. Maganaɗisu ma yana da amfani, don ba ya kama alminiyam. Abin da ya fi yawa ba jabu ba ne kai tsaye, gauraye ne: firam na RZV da injin RD500LC, ko ƙafafun wani babur na baya, ko robobin jiki da aka ƙera daga baya. Irin wannan yana iya fin na asali daɗin hawa, amma ba farashinsu ɗaya ba, kuma mai sayarwa ba kullum yake faɗa ba.

Littafin kayan gyara na kamfani, wanda ya jera kowane ƙusa da lambarsa, shi ne madogara wajen gane abin da aka canza. A Birtaniya, inda aka shigo da da yawa daga Japan, ƙungiyar masu tsofaffin baburan Japan ta VJMC tana ba da takardar tabbatar da shekarar ƙira domin rajista.

Farfaɗo da shi

Mafi yawan waɗanda ake samu yanzu sun yi shekaru a ajiye, kuma ajiya ta fi tafiya cutar da inji mai bugu biyu. Sil ɗin roba da ke gefen karanshaf yana bushewa ya tsage, iska ta riƙa shiga ta ɓarauniyar hanya, fetur ya yi wa silinda kaɗan, zafi ya hau har fistan ya kama ko ya huje. Injin zai iya tashi da kik ɗaya ya yi ƙara mai daɗi alhali wannan cutar tana cikinsa. Shi ya sa gogaggen bakanike yake toshe mashiga da mafita, ya hura iska ya ga ko tana zurarewa, kafin ya yarda a tayar da shi. Idan ta zurare, sai an raba injin gida biyu, a sake ɗaura karanshaf ɗin duka biyu da sababbin boris da sil. A nan kuɗi ya fi tafiya.

Akwai tarkon da ke kama wanda bai san injin ba. Silindojin ƙasa suna shan fetur ta cikin gidan karanshaf, na sama kuwa ta jikin silinda, don haka fistan ɗinsu ba iri ɗaya ba ne, ba a musanya su. Bawul ɗin YPVS yakan cushe da baƙin dauɗar hayaƙi ya ƙi juyawa. Ana wanke shi, a daidaita wayoyinsa. Kafireto huɗun ana wanke su a saita su su buɗe tare. Famfon mai kuma ana cire masa iska, wasu ma sukan zuba ɗan mai a cikin fetur a tashin farko har su tabbatar famfon yana turawa.

A wajen jiki, matsalar ta samun kaya ce. Robobin sun yi rauni, kunnuwan da ake ɗaure su suna karyewa, Yamaha kuma ta daina ƙera mafi yawansu, sai ragowar tsofaffin kayan da ba a taɓa amfani da su ba da ke ɓoye a shagunan diloli. Tsatsa tana cin tanki da salansa daga ciki. Tayar inci 16 ta ragu a kasuwa. Firam ɗin yana da wani siririn rufi na kariya daga masana'anta, kuma mai goge shi don ya yi ƙyalli ya cire abin da ba a mayarwa da sauƙi. Gyaran firam da ya lanƙwashe a hatsari aikin ƙwararren mai waldar alminiyam ne, bayan an auna shi.

Masu wannan aiki sun rabu biyu a kan takunkumin doki 64. Wasu suna barin salansa da jet yadda suka fito daga Iwata, wasu suna sa na RD500LC ko na zamani su adana na asali a gefe, tunda canji ne da ake iya warwarewa. Tun da gasar duniya ta koma injuna masu bugu huɗu a 2002, ajin 500 da ya haifi wannan babur ya ƙare, kuma dokokin hayaƙi sun hana manyan kamfanoni sake ƙera irinsa domin titi.