Zaɓen Kayan Haɗa Kwamfutar Wasanni Mai Rahusa

Kwamfutar wasanni mai rahusa ita ce kwamfutar tebur da mutum yake sayen kayanta ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa da kansa ko ya kai wa mai gyara ya haɗa masa, domin buga wasannin bidiyo na zamani gwargwadon ƙarfin aljihunsa. Abin da ake nema daga irin wannan kwamfuta galibi shi ne ta nuna wasa a allo mai ɗigo 1920 a faɗi da 1080 a tsawo, tana fitar da hotuna 60 ko fiye a kowace daƙiƙa, yadda motsi zai tafi sumul ba tare da tsinkewa ba.

Katin hoto, wanda aka fi sani da GPU, shi ne ya fi komai cin kuɗi, kuma ya cancanci hakan, domin shi yake zana duk abin da ido yake gani a cikin wasa. Masu haɗa kwamfuta kan ware masa tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin kuɗin baki ɗaya. Daga cikin katunan da suka yi suna a wannan mataki akwai Radeon RX 6600 na kamfanin AMD mai ma'ajiyar hoto gigabait 8, da GeForce RTX 3060 na Nvidia mai gigabait 12, dukansu sun fito a 2021, sai Arc B580 da Intel ya fitar a watan Disamban 2024 a kan dala 249, shi ma da gigabait 12. Girman wannan ma'ajiya yana da muhimmanci ƙwarai, saboda sababbin wasanni suna cika gigabait 8 cikin sauƙi, kuma da zarar ta cika sai hoto ya fara sarƙewa komai ƙarfin katin. Mai sayen na hannu ya kamata ya yi hattara: bayan da Ethereum, wani kuɗin intanet na kirifto, ta daina dogara da haƙarsa da katunan hoto a watan Satumban 2022, katuna masu yawa da suka daɗe suna aiki dare da rana sun shigo kasuwa, don haka gwada kati a cikin wasa na ɗan lokaci kafin a biya kuɗi wajibi ne.

Firosesa, wato ƙwaƙwalwar da take sarrafa ayyukan kwamfuta, ba ta buƙatar tsada irin wannan. Ryzen 5 5600 mai cibiya shida da Core i3-12100F mai cibiya huɗu, waɗanda suka fito a 2022, sun isa su ciyar da katunan da aka ambata, sai dai babu ɗayansu da take fitar da hoto ita kaɗai idan ba a sa katin hoto ba. Zaɓen firosesa shi yake yanke hukuncin babban allon da za a saya, wato motherboard, wanda ake dasa sauran kayan a kansa: ta farko tana zama a mazaunin AM4, a allo irin B450 ko B550, ta biyu kuma a LGA1700. Tsohon allon B450 kan buƙaci a sabunta manhajar BIOS ɗinsa, wadda take tayar da kwamfuta, kafin ya karɓi Ryzen 5 5600, kuma wannan ya sha rikita sababbin shiga. RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta take aiki da ita, gigabait 16 ya wadatar, amma a sayi sanduna biyu masu gigabait 8 maimakon guda ɗaya, domin biyun suna aiki tare ta hanyoyi biyu. Ma'ajiyar SSD, inda ake adana wasanni, mai terabait 1 (gigabait 1000) ta dace, ganin cewa wasu wasannin sun haura gigabait 100.

Inda bai kamata a yi rowa ba shi ne na'urar rarraba wuta. Mai wat 550 zuwa 650 ta ishi irin wannan haɗi, amma marar inganci idan ta ƙone tana iya tafiya da babban allo da katin hoto a lokaci guda. Tambarin 80 Plus Bronze yana nuna ƙarancin ɓarnar wuta ne kawai, ba shaidar ingancin kayan ciki ba ne, saboda haka a duba sunan kamfanin da tsawon garantinsa. A wuraren da ake yawan ɗauke wuta ko take hawa da sauka, kamar Najeriya da Nijar, kuɗin UPS (batirin da yake riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta) ko sitabilaiza ya kamata ya shiga lissafi tun farko. Akwatin kuwa ya kasance mai raga a gaba da matatar ƙura da ake iya cirewa a wanke, musamman a lokacin hunturu, sa'ad da ƙura take toshe fanka ta sa zafi ya rage wa katin hoto gudu.