Yaranmu na sikawut sun shirya wa damina, manya muke nema

Wata safiyar Talata a daminar bara, ina tsakiyar awon jarirai a asibitinmu na sha-ka-tafi, sai ga wani yaro da bai wuce shekara 13 ba ya shigo da ƙanwarsa goye a baya, kakarsu tana biye da shi tana ta salati. Tukunyar koko ce ta kife wa yarinyar a dantse. Na saba ganin ƙuna irin wannan, na kuma saba da abin da ake lafta mata kafin a kawo mana: makilin, ko manja, ko ɗanyen ƙwai, wani lokacin har da toka. Sai mu daɗe muna wanke abin da aka shafa, yaro yana tsala ihu, kafin ma mu ga girman ciwon. A ranar kuwa hannun tas yake, an lulluɓe shi da wankakken ɗankwali. Yaron ya ce min ya zaunar da ita bakin randa, ya yi ta kwarara mata ruwa da moɗa har kusan minti 20, ya zare mata awarwaro tun hannun bai kumbura ba, ya kuma hana a fasa bororon da ya taso. Kakar tana gefe tana kawo min ƙararsa, wai ya tare ta ya hana ta shafa komai. Na ce mata, "Iya, ki sa masa albarka, ya yi min rabin aiki." Da na tambaye shi inda ya koya, ya ce wurin Malam, a sikawut.

Yarinyar ta warke cikin 'yan makonni, tabon ma sai an lura. Ni kuma tun daga ranar nake zuwa filin makarantar firamaren unguwarmu duk Asabar bayan la'asar, ina taya Malam ɗin koyar da agajin gaggawa. Abin da na tarar a can shi ya sa na ɗauki alƙalami. Yara cike da fili, maza da mata, wasu da kaki wasu da kayan gida, babba kuwa mutum ɗaya tilo, sai ni da na zama ta biyu. Ran da Malam ya tafi ta'aziyya ko zazzaɓi ya kwantar da shi, yaran su gama zaman jira su watse. Ga damina ta ƙarato, ayyukan da muka tsara sun fi ƙarfin mutum biyu nesa ba kusa ba.

Na san akwai iyayen da har yanzu suke ɗari-ɗari da abin, don a ɗakin awo ma ana tambayata. Wata ta ce ko aikin soja ake koya musu, saboda fareti da usur. Wata ta ce ta ji abin Turawa ne. Asalinsa dai ba ɓoyayye ba ne. Wani hafsan sojan Ingila mai suna Baden-Powell ne ya fara shi a 1907, lokacin da ya kwashi yara 20 suka yi zango a tsibirin Brownsea, sikawut ɗin ya iso Nijeriya a 1915, ta 'yan mata kuma ta biyo baya a 1919. Amma tuni ya zama na kowa. Ƙasar da ta fi yawan 'yan sikawut a duniya a yau Indonesiya ce, wadda akasarin mutanenta Musulmi ne. Duk wanda Allah ya kai Makka kuwa ya ga samarin nan masu ƙyalle a wuya a Mina da Arfa, suna riƙe hannun tsohon da ya ɓata suna mai da shi tantinsa. Larabawa suna ce musu Kashshafa, kuma su ne dai sikawut ɗin. Alkawarin da yaro yake ɗauka ran da aka ɗaura masa ƙyalle yana farawa ne da haƙƙin Allah, sannan na ƙasa, sannan taimakon jama'a a kowane lokaci. A filinmu da an kira magariba an tashi, a zango kuma lokacin salla yana cikin jadawali kamar na abinci, yaran da suke Kirista su ma ana ware musu lokacin ibadarsu.

Aikin farko da ke gabanmu shi ne yashe magudanan ruwa kafin ruwan sama ya kankama, za mu kuma haɗa shi da tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata. A nan ina da sharaɗi, na kuma faɗa wa Malam: ba yaron da zai shiga kwata. Cikinta akwai fasassun kwalabe, tsatsattsun ƙusoshi, har da alluran da aka yar, yanka ɗaya kuma ya isa ya jawo ciwon sarƙe-haƙora. Shiga kwata aikin manya ne masu takalmin roba da safar hannu. Yara su tura baro, su tattara ledoji da manjagara, su bi gida-gida suna kife tsofaffin tayoyi da gwangwanaye da fasassun tukwane, domin a ɗan ruwan da ke kwanciya cikinsu sauro yake ƙyanƙyasa, mako ɗaya zuwa kwana 10 ya ishe shi ya tashi. Saboda haka samarin majalisa da ke bakin titi, ga inda muke buƙatarku. Mai shebur ya zo da shebur, mai baro ya ara mana na safiya ɗaya.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na biyu. Daga wajen watan Yuli zuwa Oktoba ake rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, sau ɗaya kowane wata. Ba ƙaramin abu ba ne, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan zazzaɓi a duniya a Nijeriya suke. Maganin na kwana uku ne. Na ranar farko a gaban mai rabo ake sha, na rana ta biyu da ta uku sai a bar wa uwa. A nan gizo yake saƙar. Uwa ta soke ƙwayar a jikin rufi ko cikin kwalla, hidimar gida ta ɗauke mata hankali, ko yaro ya yi amai sau ɗaya ta tsorata ta daina. Sau nawa ina shiga gida wata na zagayowa in tarar da ragowar na wancan watan yana nan yadda aka bar shi? Maganin da ba a ƙarasa ba kuwa kariyarsa ragaggiya ce. Abin da muka tsara mai sauƙi ne. Kowane ɗan sikawut zai ɗauki gidansu da gidaje huɗu ko biyar na maƙwabta, ya yi sallama da safe a rana ta biyu da ta uku, ya ce, "Umma, an ba ƙanina maganinsa na yau?" Iyakar aikinsa ke nan. Ba ya riƙe magani, ba ya ba kowa. Idan uwa ta ce yaro ya yi amai ko jikinsa ya yi zafi, ya ruga ya gaya wa babbar da ke kula da layinsu, ita kuma ta kira mu. To wannan babbar ce ba mu da ita. Muna son mace ɗaya a kowane layi, wadda ake jin maganarta, ko ungozoma ce ko malamar Islamiyya ko mai sayar da ƙuli. Ba sai ta iya karatun boko ba.

Damina kuma lokacin amai da gudawa ce, don haka duk Asabar sai mun maimaita haɗa ruwan gishiri da sukari har ya zauna musu kamar karatun allo. Lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato leda biyu ta fiya wata, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin cokali na gishiri. Nakan sa kowane yaro ya ɗanɗana, ya ji cewa gishirin bai fi na hawaye ba, saboda wanda gishiri ya yi wa yawa illa yake yi wa ƙaramin yaro. In akwai na leda da ake samu a asibiti ko kemis, shi ya fi, a haɗa da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Suna kuma haddace alamomin da ba a jira a gida: ido ya faɗa, yaro ya kasa sha ko kama nono, fitsari ya ɗauke, ko an ga jini a bayan gida. Idan akwai ma'aikatan jinya ko ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya da ke zaune a unguwar nan, awa biyu a wata za ta yi mana amfani ƙwarai. Mu raba yaran rukuni-rukuni na mutum shida zuwa takwas yadda tsarin sikawut yake, kowa hannunsa ya taɓa cokali da bandeji, maimakon mutum ɗaya yana bayani sauran suna leƙe ta kafaɗa.

Akwai dashen itatuwa idan ruwa ya zauna, darbejiya a bakin makaranta da zogale a cikin gidaje. Dashe ba shi da wuya, raino ne aiki, don haka muna neman wanda zai taimaka da kara ko tsofaffin kwanduna na kare su daga awaki.

Sai babban abin da yaran suke ƙirga wa kwana, wato zangon kwana uku da za a yi a dogon hutu. Nan ne suke koyon kafa tanti, ɗaurin igiya, hura wuta da dafa abincinsu, nan ne kuma hankalina ya fi tashi a matsayina na ma'aikaciyar lafiya. A watan Agustan 2023 an yi babban taron sikawut na duniya a Koriya ta Kudu, mutum sama da 40,000, amma zafi da ƙarancin inuwa da matsalar banɗaki suka kwantar da ɗaruruwan yara, har tawagar Ingila da ta Amurka suka kwashe nasu tun ba a gama ba. Idan haka ta faru a ƙasa mai wannan ƙarfi, mu ba mu da dalilin yin sakaci. Ba za mu tashi ba sai mun tabbatar da ruwan sha da aka tafasa ko aka sa wa sinadarin kulorin, da masai na maza daban na mata daban, da gidan sauro ga kowane yaro, da mota ko adaidaita da za ta kwana a wurin saboda larurar dare. Wanka a kududdufi haramun ne a zangonmu. Ban da nutsewa da ke cin yara duk damina, a irin ruwan nan ake ɗaukar tsargiya, yaro ya dawo gida yana fitsarin jini. Za mu kuma maimaita musu darasin saran maciji, don lokacin ne kububuwa take yawo cikin ciyawa: kada a ɗaure da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa, a kwantar da mutum, a tallafe gaɓar da sanda don kada ta motsa, a garzaya asibiti. Likitocin asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo a jihar Gombe sun daɗe suna kokawa da cewa jinkirin zuwa shi ne yake kashe mutane. Ƙyallen wuyan nan da ake ɗauka ado ne, da shi ake rataye karyayyen hannu, da shi ake danne jini.

Ga wanda zai ba mu lokacinsa a zango, akwai ƙa'idar da ba ma sassautawa, ina kuma roƙon kada kowa ya ɗauke ta a matsayin zargi. Babba ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai, kullum sai manya biyu. Ɓangaren 'yan mata iyaye mata ne kawai suke kwana a ciki. Duk wanda zai shigo sai mai unguwa ko limami ko shugaban makaranta ya san shi ya tsaya masa. Ba duka, ba zagi. Amana ce aka ba mu, kuma uwar da ta bar 'yarta ta kwana a waje tana da haƙƙin ta san wa ke tsaye a kanta. A halin da ake ciki, idan ba mu samu iyaye mata aƙalla uku ba, 'yan matan ba za su je ba. Na ga fuskokinsu ran da Malam ya faɗa musu haka, ɗaya daga cikinsu ita ce ta fi kowa iya naɗa bandeji a filin nan.

In Allah ya kai mu Oktoba, ranar 15 ga wata ita ce ranar wanke hannu ta duniya, yaran za su zaga azuzuwa da buta da sabulu. A mako na uku na watan kuma 'yan sikawut na duniya suke gaisawa da juna ta rediyo da intanet, muna fatan wani mai kwamfuta ko babbar waya ya ara mana na yini ɗaya, su yi hira da takwarorinsu na Nijar da Gana.

Ba a biyan kowa, ni ma ba a biyana, kuma ba ma karɓar kuɗi a hannu. Wanda ya yi niyyar taimako ya kawo abin da kansa: sabulu, bokiti mai murfi, tabarma, hatsi na zango. Tela ya ɗinka wa marayu biyu kaki, kafinta ya nuna musu yadda ake kafa rumfa, tsohon ɗan sikawut ya zo ya tuna musu ɗaurin da Malam ya manta. Muna filin makarantar firamare kowace Asabar daga bayan la'asar zuwa kiran magariba. Iyaye mata da fita take yi wa wuya su same ni a asibiti ranar awo, ko su aiko yaro ya faɗa min sunan layinsu, ni zan zo har gida mu yi magana, da maigidan ma idan ana so. Asabar mai zuwa darasin haɓo ne da shaƙewa, duk mai zuwa ya taho da tsohon zane wankakke, za mu yayyanka shi mu yi bandeji.