Na'urar Auna Nauyi Ba Karatu Take Yi Ba

An daɗe ana zaton na'urar auna nauyin sinadarai tana karanta furotin harafi bayan harafi, wato amino asid ɗin da aka jera aka gina shi da su, ɗaya bayan ɗaya. Ba haka ba ne. Wannan dabarar Pehr Edman ce ta 1950, kuma da ƙyar take kai amino asid 50.

Ita na'urar awo kawai take yi. Sai a daddatsa furotin da tirifsin, wani sinadari mai yanka furotin, a farfasa guntayen, a auna. Tazarar nauyi tsakanin guntu da guntu ke tona amino asid ɗin da ke wurin: 57 gilisin, 71 alanin.

Inda gizo ke saƙa shi ne lusin da aisolusin, amino asid biyu masu nauyi ɗaya, duka 113. A antibodi kuwa, wato furotin ɗin da jiki ke yaƙar cuta da shi, musanya su kan iya raunana kamun da yake yi wa ƙwayar cuta, don haka dole a ƙara fasa reshensu a bambance su.