Ƙirƙirarriyar Basira

Ƙirƙirarriyar basira, wadda yawancin mutane ke ce wa AI kawai, wani fanni ne na ilimin kwamfuta da ke ƙoƙarin sa na'ura ta yi aikin da a da sai mai hankali ke iya yi, kamar gane fuska a hoto, fassara magana daga wani yare zuwa wani, buga wasan dara, ko amsa tambaya da rubutu mai ma'ana. Da yawa sai a ƙarshen 2022 suka fara jin labarinta lokacin da ChatGPT, manhajar da ake hira da ita a rubuce, ya fito, shi ya sa ake mata kallon sabon abu, alhali kuwa an haura shekara 60 ana faɗi-tashi da ita, kuma dabarun da ake taƙama da su yau da yawansu tsofaffi ne, kayan aiki ne kawai ba su kai ba a wancan lokacin.

Asali

Galibi ana fara labarin ne daga Alan Turing, masanin lissafi ɗan Ingila, wanda a 1950 ya yi rubutu yana tambaya ko na'ura za ta iya tunani. Shawarar da ya kawo ita ce a bar jayayya kan ma'anar tunani, a zaunar da mutum ya riƙa hira a rubuce da ɓangarori biyu da ba ya gani, ɗaya mutum ɗaya na'ura, in ya kasa bambance su to na'urar ta ci jarabawa.

Sunan kansa kuma John McCarthy ne ya raɗa shi, a takardar neman tallafin wani taro da aka yi a kwalejin Dartmouth ta Amurka a 1956, tare da su Marvin Minsky da Claude Shannon. Wajen 1958 Frank Rosenblatt ya fito da wata na'ura mai suna perceptron wadda aka kwaikwayo daga yadda jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke miƙa wa juna saƙo, kuma ita ce kakar kusan duk abin da ake amfani da shi yanzu.

Abin da ya faru da ELIZA ya kamata a tsaya a kansa. Manhaja ce da Joseph Weizenbaum ya rubuta a jami'ar MIT a tsakiyar shekarun 1960, ba ta fahimtar komai, abin da take yi shi ne ta ɗauki maganarka ta juya ta ta mayar maka a matsayin tambaya, in ka ce kana cikin damuwa sai ta ce me ya sa kake cikin damuwa. Amma sakatariyarsa, wadda a gabanta aka yi ta haɗa manhajar kuma ta san ba mutum ba ce, bayan ta ɗan yi hira da ita sai ta roƙe shi ya fita daga ɗakin ya ba su wuri. Abin ya girgiza Weizenbaum sosai har ya koma cikin masu gargaɗi kan fannin, kuma wannan hali na ɗan Adam, na saurin sakin jiki da duk abin da ya amsa masa magana da daɗi, shi ne dai ake fama da shi har yau.

Shekarun ƙamfa

Alƙawuran farko sun yi yawa, aikin bai kai ba. A 1973 wani rahoto da James Lighthill ya rubuta wa hukumomin Birtaniya ya caccaki fannin, kuɗin bincike suka janye, aka sake samun irin haka a wajen ƙarshen shekarun 1980. 'Yan ƙalilan ne suka nace wa dabarar jijiyoyin nan, cikinsu akwai Geoffrey Hinton, wanda a 1986 shi da David Rumelhart da Ronald Williams suka yaɗa hanyar da na'ura za ta riƙa gyara kanta daga kuskuren da ta yi. A 1997 kwamfutar IBM mai suna Deep Blue ta doke zakaran darar chess na duniya Garry Kasparov, sai dai ita ƙarfin lissafi ta fi dogara da shi ba koyo ba.

Farfaɗowa

Abu biyu ne suka haɗu. Na farko tarin bayanai, domin Fei-Fei Li da abokan aikinta sun haɗa rumbun hotuna mai suna ImageNet wanda ya kai hoto sama da miliyan 14, kuma mutane ne dubbai aka biya ta intanet suka zauna suna duba hoto ɗaya bayan ɗaya suna rubuta wannan kare ne, wannan mota ce. Na biyu kuma katin sarrafa hoto na kamfanin Nvidia da aka ƙera saboda masu buga gem a kwamfuta, sai ya zama ya dace da irin lissafin da ake buƙata. A gasar gane hotuna ta ImageNet ta 2012 ɗaliban Hinton biyu, Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever, suka shiga da tsarin da suka horar a kan kati biyu kacal, kuskurensa ya tsaya wajen kashi 15 cikin 100 yayin da na mai bi masa ya haura kashi 26. Daga nan kowa ya juyo.

A watan Maris na 2016 a birnin Seoul, manhajar AlphaGo ta kamfanin DeepMind ta kara da gwanin ɗan wasa Lee Sedol a wasan Go, wani tsohon wasan dara mai asali daga ƙasar Sin da ake ganin na'ura ba za ta iya shi nan kusa ba. Ta ci huɗu ya ci ɗaya. A wasa na biyu ta ajiye ɗa na 37 a wani gurbi da masu sharhi suka fara ɗauka kuskure ne, sai can gaba aka ga hikimar. Lee ya yi ritaya a 2019.

Yadda na yanzu suke aiki

A 2017 masu bincike takwas na Google suka fito da tsarin da ake kira Transformer, shi ne harsashin ChatGPT da Gemini da Claude da sauransu. A taƙaice ana ɗura wa tsarin rubutu mai ɗimbin yawa, littattafai da jaridu da hirarrakin intanet, ana sa shi ya canki kalmar da za ta biyo baya, yana kuskure ana gyarawa sau biliyoyi, daga baya a kawo mutane su riƙa zaɓar amsar da ta fi kyau. Shi ya sa yake iya rubutu mai santsi, kuma shi ya sa yake iya shara ƙarya da cikakken ƙwarin gwiwa, a 2023 sai da wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da ChatGPT ya ƙirƙiro waɗanda ba a taɓa yi ba.

Kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT ranar 30 ga Nuwamba 2022, kuma an ƙiyasta ya samu masu amfani miliyan 100 cikin kusan wata biyu.

Kasuwanci

Microsoft ya zuba dala biliyan 1 a OpenAI a 2019, ya ƙara wasu biliyoyin a 2023. Wanda ya fi kowa cin riba dai shi ne mai sayar da kayan aikin, Nvidia, da darajarsa a kasuwar hannun jari ta kai dala tiriliyan 1 a 2023, ta kai tiriliyan 4 a watan Yuli 2025. A watan Janairu 2025 wani kamfanin ƙasar Sin mai suna DeepSeek ya fito da nasa tsarin da ya ce da kuɗi kaɗan ya horar, a rana ɗaya darajar Nvidia ta zube da kusan dala biliyan 600. Ko kuɗin da ake narkarwa za su dawo, masana sun rabu.

Kimiyya

A 2024 Hinton da John Hopfield suka samu kyautar Nobel a fannin fiziks, Demis Hassabis da John Jumper na DeepMind kuma suka raba ta fannin kemistiri da David Baker, Hassabis da Jumper saboda manhajarsu AlphaFold da ke hasashen siffar sinadarin furotin.

Taƙaddama

Jaridar New York Times ta maka OpenAI da Microsoft a kotu a Disamba 2023 kan amfani da rubuce-rubucenta ba izini, marubutan finafinan Hollywood ma batun AI na cikin abin da suka yi yajin aiki a kai a shekarar. Akwai matsalar bidiyo da murya na bogi, a Hong Kong a 2024 an damfari wani kamfani kusan dala miliyan 25 ta hanyar taron bidiyo da fuskokin shugabanni na ƙarya. Wanda ba a cika faɗa ba kuma shi ne na ma'aikatan Kenya da mujallar Time ta ruwaito a farkon 2023, waɗanda aka riƙa biya ƙasa da dala 2 a awa su karanta munanan rubuce-rubuce na cin zarafi da kisa suna yi musu alama don a tsabtace ChatGPT, wasunsu sun ce abin ya taɓa musu lafiyar ƙwaƙwalwa.

Dokar Tarayyar Turai kan AI ta fara aiki ranar 1 ga Agusta 2024.

Harshen Hausa

Google Translate ya saka Hausa tun wajen ƙarshen 2013, amma har yanzu waɗannan tsare-tsare sun fi ƙwarewa a Turanci nesa ba kusa ba, saboda rubutun Hausa da ke intanet kaɗan ne in aka kwatanta da yawan masu jin yaren, kuma wanda ke akwai ɗin ma yawancinsa ba a sa haruffa masu lanƙwasa, sai ƙasa da kasa su zo wa na'ura iri ɗaya, haka ɗaki da daki. Ƙungiyar Masakhane da aka kafa a wajen 2019, da masu bincike na HausaNLP, suna tattara rubutun Hausa suna yi masa alama da hannu don a samu abin horar da na'urorin.