Ma'anar Farfaɗiyar Haila da Abin da Aka Gano a Jikin Ɓeraye

A Aboabo da Asawase na nan Kumasi, akan sami uwar da ta lura cewa 'yarta mai farfaɗiya ta fi faɗuwa idan al'adarta ta gabato, sai maƙwabta su ce ai aljani ne mai bin jini. Likitoci suna kiran wannan yanayi katameniyal, daga kalmar Girkanci mai nufin wata-wata. Farfaɗiyar da aka sani ce, sai dai takan tsananta a wasu kwanaki na zagayowar haila.

Sinadarai biyu ne na jikin mace ke da hannu a ciki, istirojin da furojestaron, kuma da dama daga abin da aka sani game da tasirinsu a kan farfaɗiya daga ɓeraye aka samo shi. Macen ɓera ba ta haila, amma sinadaran nan suna hawa da sauka a jikinta duk kwana 4 zuwa 5, don haka mai bincike yakan ga cikin mako guda abin da zai jira wata cur kafin ya gani a jikin 'ya mace.

Istirojin yakan zaburar da jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Furojestaron kuwa jiki yakan juya shi zuwa wani sinadari da ke ƙarfafa GABA, wanda shi ne birkin ƙwaƙwalwa. A 2001 masu bincike Reddy da Rogawski a Amurka suka ɗaga furojestaron a jikin ɓeraye na wasu kwanaki, sannan suka toshe wannan juyi farat ɗaya da maganin finasteride, sai ɓerayen suka riƙa shiɗewa da ɗan maganin tayar da farfaɗiya wanda a da bai isa ya kayar da su ba. A ganina nan ne ƙashin bayan maganar: janye birkin kwatsam shi ke kawo haɗari, kuma haka furojestaron yake faɗuwa dab da zuwan jini.

Sai dai ɓera ba mutum ba ne. Gwajin da likita Andrew Herzog ya jagoranta a kan mata masu farfaɗiya, wanda aka buga a 2012, bai nuna furojestaron ya taimaki yawancin matan da aka ba shi ba, in ban da waɗanda faɗuwarsu ta taru sosai a bakin haila. Shi ya sa yake da amfani mace ta je wurin likita, ko a babban asibitin Komfo Anokye ko a asibitin unguwa, da kalandar wata uku wadda aka yi wa alamar ranakun jini da ranakun faɗuwa.