Kafin ɗalibanmu su hau dutse mai dusar ƙanƙara

Matasan Sakkwato da dama suna karatu a Turkiyya da Rasha, kuma da zarar hutun hunturu ya zo, abokan karatu sukan ja su zuwa duwatsun da ke nesa da gari, a hau da ƙafa, a sauko ta zamiya a kan allo. Abin da ya sa na ga ya wajaba in yi wannan jan hankali, a matsayina na ma'aikacin lafiya, shi ne wani ɗalibi da ya zo wurinmu lokacin hutu, kan yatsunsa biyu ya yi baƙi ƙirin, fatar ta bushe kamar ƙirgi. Safar hannunsa ce ta jiƙe ya ci gaba da tafiya da ita, da ya sauko kuma sai ya kanga hannun a jikin murhu, kamar yadda muke yi da kasko idan jaura ta buso. Da yake yatsun sun riga sun mutu da sanyi, bai ji suna ƙonewa ba.

Sakkwato tana kimanin mita 300 ne sama da teku, alhali dutsen Erciyes da ke kusa da birnin Kayseri na Turkiyya ya kai mita 3,917. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6.5, ban da abin da iska mai ƙarfi take zuƙewa daga jiki. Sanyin da ke sa mu ƙudundune da bargo a watan Janairu, a can ranar hutawa ce.

Shirin farko a ɗakin gwaji yake, tun kafin a sayi takalmi. Daga wajen mita 2,500 iskar da jini ke samu tana raguwa har jiki ya ji, kuma mu al'umma ce da sikila ta yi wa yawa. Mai rukunin jini SS bai kamata ya hau irin wannan dutse ba sam. Wanda na fi jin tsoro dominsa shi ne mai AS, domin yana ganin kansa garau, bai taɓa kwanciya ba, amma tudu mai nisa da sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da aikin ƙarfi suna iya haɗuwa su toshe hanyar jini a saifarsa. Alamar ita ce ciwo mai tsanani a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. Wanda ya ji haka ya sauko nan take, ya kuma gaya wa likitan can cewa shi mai AS ne, saboda ba lallai ne tunanin likitan ya kai ga sikila ba. Iyaye, ku tambayi yaranku ko takardar gwajin tana cikin jakarsu. Ciwon kai da tashin zuciya da jiri kuwa suna iya kama kowa a tudu, kuma muddin suna nan ba a ƙara hawa.

Batun sutura shi ne inda al'adarmu take yaudararmu. Auduga ce kayanmu, ita kuwa tana shan gumi ta riƙe, sai mutum ya tsaya hutawa bayan hawa rigar ta zame masa tsumman ƙanƙara. Ulu ake sa wa a jikin fata, sannan riga mai riƙe ɗumi, sannan wadda ke tare iska da ruwa, da safar hannu ta biyu a jaka. A sa tabarau mai duhu ko da gari ya yi lumshi, domin dusar ƙanƙara tana mayar da hasken rana cikin ido har ta ƙona shi. Idan zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, mutum zai yi ta karkarwa, harshensa ya yi nauyi, ya kasa zuge zif ɗin rigarsa. Idan karkarwar ta tsaya alhali yana surutai marasa kan gado, lamarin ya tsananta ne, ba sauƙi ya samu ba.

Zaftarewar dusar ƙanƙara ta fi faruwa a gangare mai karkatar digiri 30 zuwa 45, wato daidai gangaren da masu zamiya suka fi sha'awa, kuma sau da yawa nauyin mutumin ko na abokinsa ne ke tayar da ita. Ana auna haɗarin daga mataki 1 zuwa 5, sabon shiga kuma bai da hurumin fita a mataki 3. Kowane mutum ya ɗauki shebur da sandar lalube da na'urar da ke nuna inda aka binne, ya kuma koyi aiki da su tukuna, domin wanda aka tono cikin minti 15 na farko ya fi samun tsira, kuma a wannan ɗan lokaci abokan tafiya kaɗai ke kusa. A sauko ɗaya bayan ɗaya, kuma a tafi da jagora ɗan wurin.

Idan yatsa ya yi tauri, ya koma launin toka, ba ya jin taɓi, kada a murza shi, kada a kanga shi a wuta. A tsoma shi cikin ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39, bayan an kai inda ba zai sake daskarewa ba, sannan a nufi asibiti. Mai yin alwala a kan hanya ya tsane hannu da ƙafa sarai kafin ya mayar da safa.

A watan Disamba rana tana faɗuwa a Kayseri da ƙarfe biyar da 'yan mintuna, saboda haka a tsayar da lokacin juyowa tun a gida, a sanar da wani a gari hanyar da za a bi. Sanyi yana shanye cajin waya, sai a ajiye ta a aljihun ciki kusa da ƙirji. Lambar neman agaji a Turkiyya da Rasha da ƙasashen Tarayyar Turai ita ce 112.