Mece ce wayar girke, kuma tana aiki a inda babu sabis?

Bayan la'asar kawuna ya shigo Daura daga ƙauyensu da kwali a hammata. Da ya buɗe sai ga wata farar waya mai kan ɗagawa da igiya mai murɗe-murɗe, irin wadda ake gani a kan teburin ofis. A garinsu sai mutum ya hau tudun bayan makarantar firamare ya ɗaga hannu sama kafin sanda ɗaya ta sabis ta leƙo, ga shi matarsa tana fama da hawan jini, yana son abin da zai kira mai mota da shi ko da tsakar dare. Wani ya ce masa wayar girke ba ruwanta da sabis, shi ne ya sayar da tunkiya ya saya.

"Ɗana, duba mini abin nan," in ji shi. "Kwana uku tana ɗaki, ko sau ɗaya ba ta yi ƙara ba."

Na kifa ta, na zare murfin batir, sai ga gurbin sim. Na ce, "Kawu, wannan salula ce aka sa wa babbar riga."

Girke daga girkawa ne, wato a kafa abu wuri guda ya zauna, kamar yadda ake girka tukunya a kan murhu. Kishiyarta ita ce tafi-da-gidanka. Iyayenmu ba su buƙaci wannan suna ba, don a zamaninsu iri ɗaya ce tak, suna ce mata tarho ko waya kawai. Ita kanta kalmar waya aro ce daga sunan zaren ƙarfe a Turanci, shi ya sa har gobe muke cewa falwaya. Sai da ta aljihu ta zo ta ƙwace sunan, sannan aka nemo wa tsohuwar lakabi. Yau kuwa abubuwa uku ne mabambanta ake kira da wannan lakabi ɗaya, kuma a nan kuɗin mutane ke salwanta.

Ta asalin ita ce mai igiya. Siraran zaren jan ƙarfe guda biyu ne ke tasowa daga ɗakinka, su bi falwayoyi ko ta ƙarƙashin ƙasa, har su kai ofishin da ake haɗa layuka. Muryarka a cikin zaren take tafiya, ba ta bi ta iska ko kaɗan. Wutar da wayar ke aiki da ita ma daga can ofishin ake turo ta, wajen bolt 48 daga manyan batura, shi ya sa ko NEPA ta ɗauke wuta, ka ɗaga kan waya za ka ji tana wannan ɗan kukan nata. Saboda haka wanda ya gaya wa Kawu ba ta buƙatar sabis bai yi ƙarya ba, in dai wannan yake nufi. Abin da bai faɗa ba shi ne dole igiyar ta iso ƙofar gidanka, kuma jan ƙarfe ba ya ɗaukar murya nesa. An wuce 'yan kilomitoci daga ofishin, sai magana ta fara dushewa. Wannan ne ya sa ko a lokacin da take tashe ba ta zama kayan ƙauye ba.

NITEL, kamfanin gwamnati da aka kafa a 1985, shi ke da wannan harka. Lambar Katsina 065 ce, Kano 064, Kaduna 062, kuma dattawan da suka yi aikin gwamnati har yanzu suna iya karanto maka lambar ofishinsu da ka. Amma duk faɗin Najeriya layukan ba su kai rabin miliyan ba kafin 2001, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 100. Sai ofisoshi, bankuna, gidajen manyan ma'aikata da attajirai. A 2001 aka yi gwanjon lasisin salula, kowane kamfani ya biya dala miliyan 285, MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta, Glo ta biyo baya a 2003. Daga nan mutane suka juya wa igiya baya, ɓarayi suka bi kebul suna yankewa suna sayar da jan ƙarfen, har aka sayar da kadarorin NITEL a 2015. Wanda ya ce yau zai jawo maka irin wannan layi zuwa ƙauye a ƙasar Daura, ka tambaye shi daga wane ofishi zai jawo.

Ta biyu ita ce irin ta Kawu, kuma ita ce ta cika kasuwa. Masu shekaru za su tuna na Starcomms da Multi-Links da masu sana'ar buga waya ke ɗorawa a kan tebur ƙarƙashin lema. Na yanzu sim ɗin da ke cikin wayarka ake sa musu. Da turken sadarwa suke magana, daidai da kowace salula. In babu turke a kusa, shiru za ka ji.

Mu a jihar nan mun ga haka da idonmu. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse sadarwa a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Jibiya, Batsari, Safana, Ƙanƙara, Faskari da Funtua. Watanni mutane suna shiga mota zuwa wani gari don kawai su buga waya ko su tura kuɗi, ana ba direbobi saƙon baka da wasiƙa kamar da. Duk wata wayar tebur mai sim ta mutu tare da turakan. Abin da ya tsaya mini a rai tun lokacin shi ne, da a ce asibitocin waɗannan garuruwa suna da layin igiya, da kashe turke bai taɓa su ba. Mun bar hanya ɗaya ta lalace saboda mun samu sabuwa, ranar da aka rufe sabuwar kuma babu inda za a bi.

Ta uku ita ce wadda ke hawa kan intanet. Wayar tana kan tebur, tana da lambarta, amma muryar a cikin data take tafiya, kamar kiran WhatsApp. Irinta ce a bankuna da manyan ofisoshi yanzu. Ita kam tana iya aiki a inda babu turke, in dai an samo intanet ta wata hanya, kuma hanyar a ƙauye ita ce tauraron ɗan'adam. Starlink ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023. Faranti ne ake kafawa a fili inda yake kallon sama ba bishiya, sai a haɗa shi da sola da batir, don ba ya aiki sai da wuta, kuma yana cin ta. Ga kuɗin kaya, ga na wata-wata. Bai dace da aljihun manomi ɗaya ba, amma gari na iya haɗa hannu a kafa a asibitin sha-ka-tafi ko makaranta. Akwai kuma wayar hannu ta tauraro irin Thuraya, sai dai kiranta tsada gare shi.

To kafin a kashe ko sisi, a fara gane irin rashin sabis ɗin. Akwai garin da babu shi ƙwata-ƙwata, akwai wanda yana nan amma ya raunana, yana sama ba ya saukowa cikin ɗakunan ƙasa. In ana samun sanda ɗaya a kan tudu ko a kan bishiya, to akwai magani mai sauƙi, kuma a nan wayar tebur mai sim ta fi ta aljihu: yawancinsu eriyarsu ana kwance ta, a ɗaura kebul zuwa wata eriyar a saman doguwar gora, a juya bakinta ta fuskanci turke mafi kusa. Kada kebul ɗin ya yi tsawo fiye da buƙata, don yana shanye ƙarfin sabis a hanya. A guji na'urar ƙara ƙarfin sabis da ake kira busta, hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta sha gargaɗi a kan masu kafa ta ba izini, saboda tana dagula wa maƙwabta layi. Mutanen bakin iyaka kuma, wajen Kongolam ko Jibiya, wani lokaci sabis ɗin Nijar ya fi kama su. Sai dai lambar 227 ce, kiran ɗan'uwa a Daura ya zama kiran ƙasar waje.

Inda babu ko ɗigo, maganin gaskiya turke ne. Kamfanoni suna jan ƙafa saboda lissafi: dizal, gadi, hanya mara kyau, masu kira kaɗan. Don irin waɗannan wurare dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusun USPF a ƙarƙashin NCC, wanda aikinsa tallafa wa kai sadarwa inda riba ba ta kai kamfani. Haƙƙi ne, ba alfarma ba, kuma ya kamata masu gari da hakimai su rubuta, su matsa wa 'yan majalisarsu da sunan garin da adadin mutanensa.

Shi Kawu, garinsu na masu rauni ne. Ranar Asabar na bi shi da eriya da kebul, muka ɗaure gora a jikin darbejiyar tsakar gida, yaro ya hau yana juyawa a hankali ni ina kallon fuskar wayar. Da bakin eriyar ya kalli kudu sai sanda biyu suka tsaya. Ƙanwarsa da ke aure a Mai'aduwa ya fara kira. Idan an yi iska mai ƙarfi gorar takan juya, sai a sake hawa a gyara.